Kitson da Na Sato da Ido a Kasuwar Bangi

Ina gaida masu wannan mujalla da masu karanta ta. Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, da baki nake faɗa wata malama maƙwabciyata tana sa wa takarda, kuma na gargaɗe ta kada ta rage wa maganata gishiri. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na garinmu ba, amma duk macen da ta yi aure tsakanin Madawa da Buza a shekarun da nake magana, in ta ji labarin ga ta san ko wace ce. Makitsiya ce ni. Ba irin wadda ake zama gabanta don an rasa wata ba. Ni ce wadda mata ke kama wa layi tun hantsi, wata ta taso daga Galma bisa jaki da furarta a ƙwarya, ta wuni ƙofar ɗakina, in ce mata hannuna ya gaji ta dawo jibi, kuma ta dawo. Amarya in ba ni na taɓa kanta ba, ƙawayenta sai su ce an kai ta da saura. Na san haka, kuma na ji daɗin haka, ba zan yi maku ƙaryar tawali'u ba yanzu da tsufa.

Wurin goggona na koya, ƙanwar babana, doguwar mace wadda ko rijiya za ta sai ta sa kwalli. Tun ina ƙarama tafiyarta nake kwaikwayo, da yadda take ɗaura kallabi ya karkace gefe guda kamar zai faɗi amma ba ya faɗuwa. Ita ta ce mani idon makitsiya ba ya hutu, duk abin da Allah Ya shimfiɗa a ƙasa kitso ne ga mai gani. Haka na tashi. Na ɗauko kitso daga zanen ƙwarya, na ɗauko daga saƙar faifai, na ɗauko daga fangalin albasa in an sako mashi ruwa yana ƙyalli. Lokacin da mata sunka yi ta jidar duwatsu a tuddan Keita ana jera su layi-layi don tare ruwa, na je gaida wata ƴar uwa, na tsaya na kalli tudun nan, na dawo gida na kwantar da shi bisa kan wata. Shekara uku mata na yawo da shi suna kiransa furoje, sunan da ake kiran aikin duwatsun nan da shi. Duk waɗannan ina faɗin inda na samo su da bakina, har da alfahari, don dutse da albasa ba su neman a gode masu. Amma in ce na ɗauko abu daga kan wata mace ƴar uwata, wannan bakina bai taɓa iya furta shi ba.

To sai zamani ya juya. Wata yarinya ta dawo daga Yamai ta buɗe shago da kujera da babban madubi, tana ɗaura wa mata meshi, gashin kanti mai kama da wutsiyar doki. Matan da sunka girma tsakanin gwiwoyina sai su wuce ƙofata suna gaishe ni daga nesa, kai lulluɓe ruf don kada in gani. Wata mara kunya, da na tsare ta, ta ce mani wai Inna kitsonki yana da kyau amma na su kaka ne, in ta je biki da shi sai a ba ta tabarmar tsofaffi. Na yi dariya a gabanta, na shiga ɗaki abinci ya ƙi shiga. Ni ɗin nan, a ce mani ta su kaka!

Ana cikin haka auren ɗiyata ya taso. Ɗiyar ƙanena ce, amma ni na riƙe ta tun yaye don ni maza Allah Ya ba ni. Kanta ni kaɗai ya sani, ga gashi baƙi wuluk har gadon baya. Ta yi karatunta, ta samu wanda take so, wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, mai hankali ɗan wani ƙauye cikin duwatsu bayan Keita. Kowa ya san mutanen ƙauyen nan kakanninsu sun zauna ƙarƙashin iyayengiji masu raƙuma na arewa, kafin su samu kansu su kafa gonakinsu. Ƙanena ya ce wannan ba ta dame shi ba, Musulmi ne, manoma ne, yaro ya yi mashi. Ni ma, Allah shaida, ban taɓa sa abin a raina ba. Abin da ke raina guda ne: ranar buɗar kan yarinyar nan zan nuna wa mai meshi da masu bin ta cewa ban mutu ba. Na rantse sai na yi kitson da ido bai taɓa gani ba.

Rantsuwa ta yi sauƙi. Sati ya wuce, biyu sun wuce, kaina wayam kamar rumbun bazara. In zauna in zana a ƙasa da tsinke in share da ƙafa. Duk abin da na zana na taɓa yin sa. Saura kwana kaɗan na tafi kasuwar Bangi sayen tarkacen ɗakin amarya, raina a jagule. Wajen masu tabarmin kaba na ga wata tsohuwa, baƙa siririya, ta duƙa za ta ɗaga naɗin tabarmi sai kallabinta ya zame. Jama'a, tsayawa na yi cik. An tsaga kan daga kunnen hagu, ƙananan kitso sun kwanta a karkace kamar ruwa na gangara, kowane na shiga ƙarƙashin ɗan uwansa, duka sun je sun haɗu a ƙeya sun zama jela guda mai kauri, an naɗe gindinta tam. Furfura ce fa, ba mai ba komai, amma shekara arba'in ina kitso ban ga irinsa ba. Ta yi maza ta ja kallabi ta rufe. Na zagaya, na dawo ina taya tabarma, na ce ta ɗago mani waccan ta ƙasa, don dai ta sake duƙawa. Sau uku ina sa ta. A na ukun ta dube ni ta ce wai baiwar Allah tabarma kika zo saye ko kuwa kai, don ita kan nata ba na sayarwa ba ne. Nan ne ya kamata in zauna in gaishe ta, in ce yaya ni makitsiya ce, wa ya yi maki wanga, mene ne sunansa? Ban yi ba. Na ce a raina ni da ake tasowa daga gari uku a zo wurina, zan duƙa gaban mai tabarma in ce koya mani? Na ce tabarmar tata ba ta da kyau, na juya. Idona ya riga ya ɗauke abin da yake so.

Na dawo gida na rufe ɗaki, na kife ƙwarya na ɗaɗɗaura mata zaren kaba ina gwadawa, har hannuna ya gane hanyar. Matan gida sunka dame ni da tambaya, na ce masu bayan sallar asuba na ɗan kishingiɗa aka nuna mani shi, kyauta ce daga Allah, ba ɗiyar da ta taɓa ɗaukarsa a kai. Kafin yamma maganar ta gama gari. Wuni biyu na yi bisa kan yarinyar, na sha shi da man shanu da turare, na jera murjani a jelar nan ta ƙeya. Ta ce Goggo wannan ta bayan tana ja na, kamar wani ya riƙe ni. Na dungure mata kai na ce ado ba ya rasa nauyi, sai ta bar ni in yi aikina. Na lulluɓe kan, na hana kowa gani, har uwar da ta haife ta.

Munka cika kamiyo, babbar motar nan ta kaya, munka kai amarya. Washegari da hantsi aka taru buɗar kai, tsakar gida maƙil, namu gefe guda nasu gefe guda, an jera akusan tuwo ana ta barkwanci, nasu na cewa mun kawo masu ƴar gari wadda ba ta iya hawan dutse ba, namu na cewa ai don haka munka haɗo ta da takalmi. Da aka yaye mayafin, namu sunka kwashe da guɗa, wata har ta riƙe baki. Ni ina tsaye ƙirjina kamar ya fashe. Sai na lura guɗar ɓangare guda take fitowa. Ƴan matansu sun fara tafi, amma manyansu sun yi tsit, wata ta sunkuyar da kai, wata ta ja ɗiyarta baya. Aka kamo hannun kakar ango, tsohuwa tukuf wadda idonta ya yi rauni, don ta shafa kan amarya ta sa albarka. Ta ɗora hannu, yatsunta sunka bi tsagar nan daga kunne, sunka gangara, sunka iso ƙeya. Tana kama jelar ta sake ta kamar ta taɓa garwashi.

Ta tambaya wa ya yi kitson. Na matso na ce ni ce. Ta ce ɗiyata ina kika samo shi? Na ce daga kaina. Sai ta zauna a ƙasa, ba tabarma ba komai, ta ce wannan kitso yana da suna, akala ake ce mashi, irin wadda ake jan raƙumi da ita. Ta ce shi ake yi wa matan da ke hannun iyayengiji don a san ba su mallaki kansu ba, jelar nan ta ƙeya kuwa ba ado ba ce, wurin riƙo ne. An yi wa uwarta, ita ma an yi mata tana ƴar ƙarama, kuma ta san yadda ake jan mutum da ita daga bakin rijiya har cikin zango. Ranar da sunka sauka a duwatsun nan matansu sunka tsefe shi, sunka ce har abada. Muryarta ba ta tashi ba ko kaɗan. Ta ce mani abu biyu ne: ko dai na gan shi a kan wata na ɗauko ban san ko mene ne ba, to in faɗa, rashin sani ba laifi ba ne, a tsefe a ci tuwo. Ko kuwa na san shi, na ɗora wa amarya na kawo masu har gida don in tuna masu ko su wane ne.

Kun ji fa ƙofa a buɗe ta bar mani, faffaɗa, raƙumi ma ya wuce. Amma na waiwaya na ga matan garinmu, waɗanda na ce wa an nuna mani da asuba, har da mara kunyar nan mai cewa na su kaka, sun zuba mani ido. Na ce a raina in na ce a kan mai tabarma na gani, gobe a bakin rijiya ni ce abin dariya. Sai na ce ni ban san wata akala ba, kitsona nawa ne, ban aro wurin kowa ba. Ta sake tambaya, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Ni kuwa sai shaiɗan ya hau harshena, na ce ai dama mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wallahi kalmar tana fita bakina na so in kamo ta. Magana kuwa zarar bunu ce.

Ba wanda ya zage ni, da ma sun zage ni da ya fi mani sauƙi. Matansu sunka tashi ɗaya bayan ɗaya sunka rufe akusa. Tsohuwar ta ce a ba ta tsinke. Ta jawo yarinyar tsakanin gwiwoyinta, wurin da ni kaɗai ke sa ta tun tana yaye, ta fara tsifa, murjanina na zuba a ƙasa ba mai tsinta. Yarinyar ba ta yi kuka da ƙarfi ba, ido kawai ta kafa mani tana motsa baki, Goggo, Goggo. Na juya baya na je na hau kamiyo na zauna. Munka dawo gida ba wanda ya sa loma a baki.

Sau uku ƙanena na zuwa ban haƙuri da dattawa. Sunka ce aure an ɗaura, ba za su kwance ba, yarinya ba ta yi masu komai ba. Amma ba wani daga gidanmu da zai taka gidansu sai makitsiya ta zo ta faɗi inda ta samo kitsonta. Yaron ya tsaya wa matarsa, wannan na shaide shi. Sai dai miji ba ya wuni tsakar gida. Labari na zo mani cewa in ta yi tuwo matan gidan sai su ce sun ƙoshi, in ta je daka sai a ɗauke turmi a ce kada hannun ƴar masu ƴanci ya yi kanta. Ta aiko mani saƙo ta bakin wani direba, wai Goggo kalma ɗaya ce, ki zo ki faɗe ta in samu wurin zama. Na ce a gaya mata ni ban yi sata ba balle in yi rantsuwa. Ƙanena ya zo ya tsaya ƙofar ɗakina, mutumin da bai taɓa ɗaga mani murya ba, ya ce Yaya kin zaɓi kitso kin bar ɗiya. Na ce ya fita mani daga gida. Abin da ke ci na har yau, na san gaskiya fa. Ba wai na manta ba ne. Kullum in na kwanta fuskar mai tabarma nake gani. Amma kowace safiya sai in ce gobe, kuma kowace gobe faɗin ya fi na jiya nauyi. Damina ta faɗi, aka yi noma, aka yi girbi, ina nan ina gobe.

Sai ta haihu. A bakin mutane na ji. Ranar suna wata can ta yi mata kitson jego, ni ina nan zaune da mataji a hannu ba kan da zan sa shi. Wannan ne ya karya ni. Ranar kasuwa na tafi Bangi neman tsohuwar nan mai tabarma, da niyyar in ɗauke ta mu je tare ta zama shaidata. Abokan sana'arta sunka ce ƙafa ta hana ta zuwa, sunka kwatanta mani tungarsu. Na same ta gindin aduwa tana saƙa. Ta gane ni tun kafin in gama sallama, ta ce a'a, mai sayen kai ce yau a gidanmu? Na durƙusa, durƙuson da na ƙi yi a kasuwa, na kwashe komai na faɗa mata. Ta ajiye saƙar. Sannan ta ce ita ta san abin da kitson yake, ba ta jahilce shi ba. Shi kaɗai hannun uwarta ya iya, da shi ta yi mata kitso har ta rasu, shi ya sa take sa ɗiyarta ta yi mata shi a ɗaki, ta rufe, tsakaninta da uwarta ne ba na idon kowa ba. Na roƙe ta ta bi ni. Ta ce ba za ta je ta yaye kanta gaban taro don a wanke sunana ba. Da ido na sata, in je in mayar da baki. Kuma da na tambaye ta ran nan, da a tsaye za ta gaya mani, ko tabarmar ba sai na saya ba.

Na tafi ƙauyen mijin yarinyar ni kaɗai, a bayan babur, ƙasusuwana na kuka a duwatsun nan. Na tarar kakar ango ta rasu, ba a daɗe da yin sadakar arba'in ba. Duk da haka na ce a tara mani matan gidan, na tsaya inda na tsaya ran nan, na ce ƙarya na yi, ba a nuna mani komai da asuba ba, a kan wata tsohuwa mai tabarma na gani, girman kai ya hana ni tambaya, girman kai ya hana ni faɗa. Sunka saurara har na gama. Babbarsu ta ce sun ji, Allah Ya yafe mana baki ɗaya, sai dai wadda ta yi tambayar ba ta nan balle ta ji amsa. Aka kawo mani ruwa na sha. Iyakar abin da na samu ke nan, kuma ban cancanci fiye da shi ba. Daga ranar aka fara cin tuwon yarinyar, amma shekara guda ta ƙuruciyarta ta riga ta tafi, kuma ni na cinye ta.

Abin da nake so in ce wa mata, musamman masu sana'ar hannu, makitsa da masu ɗinki da masu lalle, da ku masu ganin ado a jikin wata ko a hoto ku ce a yi maku irinsa: ado yana da uwa. Ba kowane abu mai kyau aka yi don kyau ba. Wani alamar takaba ne, wani na gidan wasu ne, wani kuma tabo ne da mutane sunka sha wuya kafin su rabu da shi. In kin gani ya burge ki, ki tsaya ki yi sallama ki tambaya, ba ta rage maki komai. In kuma kin ɗauko, ki ce kin ɗauko. Duk gwanar da ta ce maki ba ta taɓa koyo a kan wata ba, maƙaryaciya ce, ni na faɗa, don na yi ƙaryar na ga abin da ta haifa. Ba satar ce ta kashe ni ba, a yafe mani ita aka so yi tun a tsakar gidan nan. Ƙin cewa ban sani ba ne.

Yarinyar tana nan ɗakinta, Alhamdu lillahi, ƴaƴanta huɗu, uku mata. Tana zuwa gaishe ni da salla, ta kawo mani goro da sabulu, ta durƙusa ta ce Goggo ina wuni, ba ta taɓa tada maganar ba. Amma ko zafi ya kai yaya ba ta cire kallabi a gabana. Ƴan matan nata su shigo suna tsalle, kansu da kitson wata can, tsaga a karkace, gefe ya fi gefe, gashi mai kyau irin na uwarsu ana wulaƙanta shi. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Sai in tura shi ƙarƙashin cinyata in danne, in ce masu kai, wa ya yi maku kitso mai kyau haka.